Ni na rubuta, Rifkatu za a sa a horo

Gaisuwa ga mai kula da wannan shafi da duk masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku daure ku kai ƙarshe kafin ku zage ni. Zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ina aiki a ofishin wani kamfanin ruwan leda a Kafanchan, ni ke riƙe da shafinsa na intanet. Mai kamfanin dattijo ne a cocinmu, dukanmu Dadi muke ce masa. Da daminar nan injin tace ruwa ya lalace, Dadi ya ce a ci gaba da ɗurawa haka nan kafin kayan gyara su iso. Shiru ba su iso ba. Ina kallo ana loda wa keke napep ruwan zuwa makarantu, ni kuwa nawa daga gida nake zuwa da shi. Abin ya tsaya mini a rai. In faɗa masa ido da ido? Wa ya isa? Sai na shiga inda ake ba kamfanoni taurari da sunan bogi, na ba mu tauraro ɗaya, na zayyana komai. Don kada a gano ni na fara da cewa, "Na taɓa aiki a wannan kamfani." Har ina yaba wa kaina wayo! Ban tsaya na tuna cewa a bana mutum ɗaya ce tak ta bar aiki ba. Zan kira ta Rifkatu. Ita ta koya mini aiki, ta tafi bayan sun yi cacar baki da Dadi, ta koma Madakiya tana shirin aure.

Ranar da Dadi ya ga rubutun bai yi ihu ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Ya tara mu, ya sa kowa ya fito da wayarsa ya ba da taurari biyar a gabansa. Sannan ya kira ni ofis ya tura ƙofa. "Rifkatu ne, na san shi," in ji shi. "Yarinyan da ya ci abinci na, yanzu yana zagi na a duniya? Ki amsa. Sa cikakken suna. Ki ce don sata muka kore shi." Na ce, "Dadi, in ba ita ba ce fa?" Ya ɗago ya daɗe yana kallona. "To waye? Kin san wani ne?" Jama'a, na zauna na amsa rubutuna da kaina. Na sa sunanta, na kira ta ɓarauniya, baiwar Allah da ko ledar ruwa ɗaya ba ta taɓa fita da ita ba. Wace irin mace ce ni?

Na ɗauka nan zai tsaya. Ina! A makon aka gyara injin a ɓoye, sannan ya kai ƙararta gaban dattawan ikilisiya, wai ta yi masa ƙazafi, a sa ta a horo. Wanda ba ɗan coci ba, ga abin da horo yake nufi: a kira sunanka gaban jama'a ranar Lahadi, ka koma bencin baya, ba kai ba Jibin Ubangiji, wato gurasa mai tsarki da ake ci tare a coci, kuma ba a ɗaura maka aure a coci sai ka fita. An riga an fara sanar da aurenta. Dangin ango sun ga inda aka kira ta ɓarauniya, sun fara jan ƙafa.

Na so in goge rubutuna na farko mai tauraro ɗaya, sai na ji shi yana cewa ranar da aka goge, ta amsa laifinta ke nan. Ya ƙara da cewa, "Akwai mutumi na a Kaduna, ko an goge zai nemo wayan da ya rubuta." Yana faɗa idonsa na kan wayata da ke bisa tebur. Ya sani ne? Gwada ni yake yi? Yanzu kullum sai ya tsaya a bakin ofishina ya tambayi lafiyar mamata, abin da bai taɓa yi ba. Mutumin da ya yi wa wadda ta tafi haka, me zai yi wa wadda ke zaune a ofishinsa tana ce masa Dadi?

Asabar ɗin nan dattawa za su zauna. Ya ba da sunana a matsayin shaida, in ce na ji ta tana rantsuwa sai ta rusa kamfanin. Na ce masa to. Jiya kuma Rifkatu ta kira ni, muryarta ta dishe don kuka. "Sista, na san tilasta ki ya yi ki sa suna na, ban riƙe ki a zuciya ba. Abeg ki zo ran Asabar. Na gaya ma Fasto ke ne za ki tsaya mini, ke kin san hali na."

Ita ma to na ce mata.

Ina jin kunya, ina jin tsoro, kuma tsoron ya fi yawa. Don girman Allah ku faɗa mini, me zan yi?