Ɗan Ramin Murfin Tanki

Zuwa ga yayana Kuanish,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya a Karaganda. Aga, babban yaya, hankalina ba a kwance yake ba. Ɗan jirgin saman nan da kuka ƙera da Baba a rumfar tarakta ya kusa kashe shi. Ya tashi feshin fara, bai yi nisa ba injin ya yi tari ya mutu. Allah ya sa cikin alkama ya dira, goshinsa kawai ya fashe. Abin haushi, a ƙasa injin ras yake tashi. Baba ya ce fetur ne gurɓatacce, ya sauya, wai Juma'a zai sake hawa. Ka san halinsa, in ya kafe ko doki ba ya jan shi. Wayar ƙauye kuma har yau a mace take. Ka sa baki, kai kaɗai yake ji.

Ƙanwarka,
Raushan

Raushan-jan,

Ina amsawa. Tun da na karanta takardarki na kasa zaune na kasa tsaye. Tsohon nan ya bar ɗora wa fetur laifi! Injin da ke aiki a ƙasa ya mutu a sama, tankinsa ne ba ya shan iska. Duba murfin tankin, akwai ɗan rami a tsakiya. In ya toshe, mai zai zubo na ɗan lokaci, sannan ya tsaya cak. Wa ya taɓa jirgin da hunturu? Ki ɓoye makullin, in ta kama ki hau fiffike ki zauna, kada ya tashi. Sun hana ni hutu a mahaƙar kwal, amma ina tafe Lahadi. Ki gaida Mama.

Yayanki,
Kuanish

Aga,

Bayan gaisuwa. Takardarka ta iso yau Juma'a da hantsi, motar madara ta kawo. Baba ya tashi da jirgin tun da sassafe, har yanzu bai dawo ba.

Ina karanta wa Mama ta saki kwanon shayi. Da za a rufe jirgin lokacin kaka, kafin hunturu, ita ta bi kowane rami ta cusa ulun tumaki, yadda take toshe tagoginmu saboda ƙura da sanyi. "Duk manyan na cire," in ji ta, "ɗan mitsitsin nan ne na manta."

Maƙwabta sun hau dawakai sun nufi gabas nemansa. Mama tana bakin gona, ta hana kowa magana, wai tana sauraron injin. Tsoro nake ji, Aga. Kada ka jira Lahadi.

Allah ya kawo ka lafiya,
Raushan