Kaset Ɗinku na Zauren Limawa

Zuwa ga Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ƙanwa ga wanta, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahamarSa. Akwai maganar da kai ya kamata ka fara ji, ko da yake ƙasa ta raba mu.

Garba ya zo gidana kwanan baya. Garban da kuke waƙa tare, wanda yau daga Dutse har Kano da wuya a yi biki ba a sa muryarsa ba. Ya zo neman kaset ɗin da kuka ɗauka a zauren gidanmu na Limawa, tun ba wanda ya san da ƙungiyarku.

Ka tuna yadda kuka yi shi. Rikodar da Baba ya zo da ita daga Makka kuka ɗora a kan turmi. Kai kana kaɗa jita, wadda ka yi wa tsirkiya da wayar birkin keke, Garba na rerawa, Sale na kan gangunan aro. Kun toshe ƙofa da barguna, amma sai da kukan akuyar Inna ya shiga. Baba bai taɓa yabawa ba, bai kuma hana ba. Iyakarsa ya ce, "In an kira salla, a kashe."

Da aka ƙaddamar da shari'a, masu biki suka daina gayyatar makaɗa. Su Garba suka koma Kano yin waƙoƙin fim. Kai ka tsaya jinyar Inna, ka ce za ka bi su bayan kaka. Kafin a yanke gero zazzaɓi ya tafi da kai. Daga baya waƙar da ka tsara ta fito a bakin Garba da kiɗan fiyano, duk gari ya ɗauka, babu sunanka a ko'ina.

Yanzu Garba yana so a gyara sautin a fitar. Ya yi kuka, na bar shi ya gama. Ban ba shi kaset ɗin ba. Na ce ya zo da na'urarsa a kwafa a gabana, a sa sunanka a gaba, kuma kada a goge komai. Ya amince.

Tun rasuwarka ban kunna shi ba, ina tsoron ya tsinke. Ranar kwafar, 'yarka Hajara, wadda ka bari a goye, tana zaune kusa da ni. Da aka zo inda ka yi kuskure, ka yi dariya ka ce a sake, sai ta dafa gwiwata. Ba ta taɓa jin muryarka ba sai ranar. Ba ta kula waƙar ba, Yaya. Wurin dariyar ta riƙa sa a maimaita mata.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sada ka da Inna da Baba a Aljanna.

Ƙanwarka,
Binta