Ranar Ostiraliya Ta Tona Mini Asiri

Uwargida Evanthia, ki taimake ni kafin in sayi tikitin da zai raba ni da yayar mijina. Ba zan faɗi sunan ƙauyenmu ba, don mai shagon gahawa da ƙarfi yake karanta wa mutane shafinki na jarida. Karatuna a firamare ya tsaya, ki yi haƙuri da rubutun.

Mijina Lefteris ya fi shekara goma da rasuwa. Tun ranar nake cikin baƙaƙen kaya daga ɗankwali har safa, kamar kowace matar da ta rasa miji a tsibirinmu na Girka, kuma sai kabari ake cirewa. Yayarsa Stamatia ma haka, nata mijin ya riga nawa tafiya. Kullum da yamma mukan fito da kujeru ƙofar gida, muna gyaran wake muna gyara wa masu wucewa tarbiyya.

Bara ɗana ya kai ni Melbourne ta Ostiraliya, matarsa ta haihu, wai in yi wata biyu. Sai da na kusa shekara. Na ga Kirsimeti cikin zafi, maza da gajeren wando suna gasa nama a bakin teku. Na ga tsofaffin Girkawa masu magana irin ta kakata. Rannan na hau jirgin ƙasa ni kaɗai na ɓace, na dawo gida da sababbin ƙawaye biyu da rabin kaza, na tarar ɗana yana shirin kiran 'yan sanda.

Jikata Artemis ce ta lalata ni. Ta ce zafi zai dafa ni cikin baƙin nan, ta miƙo mini riga ruwan ɗorawa mara hannu. Na ce ta yini ɗaya kawai. Daga nan sai ja, sai mai furanni. Har iyo na koya, ni da aka haifa a tsibiri ruwa bai taɓa wuce mini gwiwa ba. Wallahi ban manta da Lefteris ba, ina cikin ruwan ma ina ba shi labari. A banɗakin filin jirgin Atina na mayar da baƙina, na shigo gari kamar ban taɓa fita ba.

Duk tsawon lokacin Stamatia ce ke ciyar da kajina, kuma duk Asabar ta hau tudu da ciwon gwiwarta ta kunna fitilar kabarin ƙanenta da man zaitun ɗinta. Ana gab da bikin Ista muna shafa wa katanga farar ƙasa, na manta na naɗe hannun riga har kafaɗa. Ta dubi damtsena da ya ƙone kamar ɓawon burodi, ta ce, "Ashe rana a can har ta cikin yadi take ratsawa, amarya." Ta ci gaba da shafenta.

To ƙafata ta soma ƙaiƙayi. Ƙanena yana kirana Cape Town, ga teku ga rana. 'Yata tana kirana Toronto, inda sanyi zai sa kowa cikin babbar riga, ba mai sanin kalar ta ciki. Ita kuma Stamatia, wadda ba ta taɓa wuce asibitin Atina ba, ta je ta yi fasfo, ta ce duk inda na nufa ƙafarta ƙafata. In tafi da ita Toronto in daskare cikin mutunci, ko in ƙirƙiro dalili in sulale Cape Town ni kaɗai?

Kakar Tsibiri

Kaka, na yi dariya har gahawata ta huce, amma duka hanyoyin nan biyu ɓuya ne, kuma babu sauran abin ɓoyewa. Stamatia ta gane tun a bakin katanga. Bayan ta gane ne ta je ta yi fasfo. Mai fushi da ke ba za ta bi layi don ta zauna kusa da ke a jirgi ba.

Sai dai kada ki raina nata ɓangaren. Ƙanenta ne, kuma baƙin da kike sawa yana cikin abin da ke nuna mata cewa ba ita kaɗai ke tuna shi ba. In kika sulale, ba rigar ce za ta ƙona mata rai ba, barin ta a baya ne.

Asabar mai zuwa ki raka ta tudun, ki riƙe mata man. A hanyar dawowa ki faɗa mata komai da bakinki, har iyon. Ki ce a gari za ki ci gaba da baƙinki in haka kika zaɓa, amma a Cape Town ruwa za ki shiga. Kada ki saya mata riga, kada ki matsa mata. In ta ga dama ta zauna ƙarƙashin laima cikin baƙinta tana yi miki faɗa, wannan ma yawon duniya ne. 'Yarki ta jira ku zuwa lokacin zafi.

Ki nemo mai kula da kaji da fitila tun yanzu, don wannan karon mai yi miki aikin tana cikin jirgi. Ki bar mata kujerar taga. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku kuna shiri.

Evanthia