Ƙarfen Gadon Iya Furera

Gidan Ɗinya, ta Ɗambatta
Ranar Litinin

Zuwa ga jikata Ikilima,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya jinya, ya mai jiki? Allah Ya ƙara sauƙi. Direban motar Kano na ba wannan takarda tare da ƙullin zogale. Ki karanta a hankali, kin san rubutuna na yaƙi da jahilci ne, kamar kaji sun yi tonon ƙasa.

Ki gaishe min da ƙanenki, mijina Abdulkabir. Ki ce masa matarsa tana fushi. Ango ya tafi tseren mota ya bar amarya ba cefane, sai labari ta ji wai yana kwance a asibiti, 'yan mata masu fararen kaya suna juya shi. Idan ya yi dariya ki rubuto min. Idan bai yi ba ma ki rubuto. Kuma ki faɗa min gaskiyar ƙafafun nan, don duk wanda na tambaya sai ya ce da sauƙi yana kallon ƙasa.

Nan gida babu daɗi. An jawo motar an ajiye bayan rumbu. Ƙarfen nan da aka kafa kamar baka a bayan kujerar direba, wanda aka ce shi zai tokare rufi idan mota ta kife, ya naɗe kamar karan dawar da saniya ta taka. Babanku ya daɗe tsaye a kansa. Daga nan ya wuce shagon Nababa mai walda ya sa kwaɗo, ya kai ƙara gun dagaci, yana rantsuwa sai an kore shi daga garin. Ranar Alhamis za a zauna. Nababa bai kare kansa ba. Jiya matarsa ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni a bakin rijiya, na kasa amsa mata da kyau.

Ki huta lafiya.
Kakarki, Furera

Ranar Laraba

Ikilima,

Ina gaishe ki, ina gaida mai jiki. Ya kuka kwana da gajiya? Takardarki ta iso, na gode da ba ki ɓoye min ba. Na karanta inda likita ya ce daga ƙugu zuwa ƙasa sai yadda Allah Ya yi. Na ninke, na sake buɗewa, maganar tana nan.

To, ni ma bari in sauke nawa. Kin tuna gadona na ƙarfe mai rumfa, na aurena, wanda kike tsokanata kina cewa ya girmi kwalta? Shi ne a cikin motar nan.

Ga yadda aka yi. Abdulkabir ya shigo min yana huci, wai masu tsere sun ce ba zai shiga fili ba sai da wannan baka. Nababa kuma ya ce sai an samo bututu mai kauri marar ɗinki daga Kano, a lanƙwasa shi ɗungurungum, a dasa ƙafafunsa a kan farantan ƙarfe, aikin sati biyu. Tsere kuwa Asabar. Ni da bakina na ce ƙarfe yana ɗakina ake zuwa Kano? Gadon da ya ɗauki kakanku da tumbinsa, ya ɗauki haihuwa tara bai yi ƙara ba? Da kaina na raka shi shagon, ƙarafa a kan amalanke, ina tafe ina yi masa guɗa.

Nababa ya ƙwanƙwasa ɗaya da guduma, ya karkata shi, tsatsa ta zubo kamar garin barkono. Ya ce ba shi da kauri, gwangwanin madara ne aka yi wa fenti, shi ba zai ɗora ran mutum a kai ba. Sai na tuna masa ni na karɓi haihuwarsa, ni na yanke masa cibiya, yau shi ne zai kushe min kayan aure a gaban yara? Kowa ya yi dariya. Ya sunkuyar da kai ya kunna injin.

Kunyata ce ta rufe masa baki a ranar, ita ce kuma ta rufe masa yanzu. Babanku ya ɗauka Nababa ne ya tsinto ruɓaɓɓen ƙarfe. Ɗakina kuwa ba ya shiga, kin san ɗan fari ne, daga bakin ƙofa yake gaishe ni, bai ga tabarma nake kwana ba. Idan na yi shiru gobe, mutum mai 'ya'ya biyar zai bar garin ubansa. Idan na yi magana, ban san da wane ido babanku zai kalle ni ba.

Ki sa ni a addu'a.
Kakarki, Furera

Ranar Juma'a

Ikilima 'yar albarka,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Ya jikin mijina?

Na je. Na dogara sandata har zauren dagaci, maza suna ta matsawa kamar sun ga kura da mayafi. Na faɗi komai, har guɗar ban rage ba. Nababa yana ta girgiza min kai in bari, ban bari ba. Babanku bai ɗago ba. Da na gama ya ciro mukulli daga aljihu, ya ajiye gaban Nababa, ya sa takalminsa ya fita. Yau da safe na ji tafiyarsa ta zo daidai ƙofata, ta tsaya, ta wuce. Kokon da ya saba miƙo min ma aikowa aka yi.

Da hantsi Nababa ya zo. Na ce ya yafe min, sai shi ya fashe da kuka, wai hannunsa ne ya yi waldar. Ya ce gobe zai shiga Kano ya samo bututu na gaske, keken zama zai ƙera wa Abdulkabir. Yana son awo: faɗin ƙugu, da tsawo daga gwiwa zuwa diddige.

Ga zare na sa a cikin takardar. Ki auna shi yana barci idan za ki iya, ki ƙulla a inda ya tsaya. Kada ki ce masa matarsa ce ta aiko. Ban san ko har yanzu yana so a kira ni haka ba.

Kakarki, Furera