Hannun Baba Sale

Daren Laraba, wata na uku da rufe makarantu

Na gaji, amma barci ya ƙi zuwa. Hedimasta ya ce kowa ya riƙa tura wa yara darasi ta waya, har ni mai koyar da zane. A ajina kaf gida huɗu ne ke da babbar waya, su ma sai an kai caji Tsanyawa.

Duk da haka da hantsi na je wurin Baba Sale, tsohon nan mai zanen ƙwarya da yake zuwa ajina duk Alhamis kafin korona. Na ce ina so in ɗauke shi bidiyo yana aiki. Ya yarda, ya zauna gindin darbejiya, ya ɗora ƙwarya a cinya. Ban san hannunsa ya fara rawa haka ba. Sau biyu wuƙar tana zamewa, a na uku ƙwaryar ta tsage.

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Malam, kashe abin nan. Ni ba da ido na koya ba. Kakana hannuna ya riƙe. Kawo mini yaran in riƙe nasu, tun ina iyawa."

Na ce, "Baba, an hana tara yara."

Ya ce, "Har yaushe?"

Na yi masa sallama. Na dawo gida na kalli bidiyon, ba komai a ciki sai rawar hannu, na goge shi. Yanzu kuma ina da-na-sanin gogewar. Ya Allah, ka bar mana shi har a buɗe.