Gonar da Na Noma wa Gada

Gada ta haihu! Jiya Laraba da hantsi na gan ta da idona a bakin gonar wake, ɗan yana biye da ita, ƙafafunsa kamar tsinken tsintsiya, yana tafiya yana tangaɗi. Shekara ashirin da uku rabon da a ga ɗan gada a dajin Gumbin Kure. Na laɓe bayan sabara ina dariya ni kaɗai har tari ya taso mini, na toshe baki da hula kada su ji.

To, yanzu assalamu alaikum. Da sunan Allah Mai rahama, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Ni ne Isiyaku ɗan Idris, maharbi, nake rubuta wagga wasiyya zuwa ga 'ya'yana uku, Atiku da Murtala da Gudiya. Hankalina yana tare da ni, ba wanda ya tilasta ni. Wanda ke zaton murna ta juya mini kai ya zo ya tambaye ni sunayen jikokina goma sha ɗaya, in jera masa su daga babba zuwa na goye. Likita a Jega ya ce kumburin ƙafar nan daga zuciya yake, ni ma na ji a jikina cewa tafiya ta matso. Rubutun ya karkace, ku yi haƙuri, da furfura na shiga ajin yaƙi da jahilci. Amma ban ba kowa ya rubuta mini ba, don mai rubuta wa wani yana iya ƙara kalma ko ya rage, kuma a kwanakin nan ba kowa na yarda da shi ba.

Na ɗaya, gidan nan na bakin daji. Kun san shekara huɗu ke nan da na bar cikin gari na zo na gina shi. Tubalinsa ni da maƙwabta muka buga, ɗaki uku da zaure, rumbu biyu, rijiya mai zurfin gaba tara. Na juya ƙofar zauren tana kallon daji, magini ya yi ta gardama wai gida gari yake fuskanta, na ce masa gari na gama kallonsa. Gida da gonakin gero da shanun noma duk gado ne, liman zai raba muku yadda Allah Ya ce, ba ni da bakin magana a ciki. Roƙo ɗaya nake yi: uwarku Ramatu ta zauna a ɗakinta na gabas har ranar da ita da kanta ta ce ta gaji. Kada wani ya zo da mota ya ce zai kai ta birni ta huta. Na san abin da ke biyo bayan irin wannan hutu, gida ya zama kango, kango kuma a sayar.

Na biyu, gonar gada. Ita ce 'yar gonar da ke tsakanin rijiya da bakin fadama. Lokacin da na shuka mata wake da gyaɗa da yakuwa na ƙi girbewa, mutanen gari sun sha dariya, wai Isiyaku ya tsufa har yana yi wa naman daji noma. Na binne kwatarniya biyu ina zuba ruwa da rani, na ajiye dunƙulen kanwa gindin kanya, na hana a sare sabara da geza da ke gefen gonar don dabba ta sami maɓoya. Ba don tausayi kaɗai na yi ba, ni maharbi ne, ina son jikokina su san ɗanɗanon naman da ubana ya ciyar da ni. Mu muka ƙarar da su, da bindiga da karnuka da gobarar daji, don haka na ga ya dace ɗaya daga cikinmu ya ciyar da su kafin ya mutu. Shekarar farko zomo kawai na samu. Ta biyu na ga sawun gada. Ta uku suka zauna, mace biyu da namiji biyu.

Wannan gona ba ta cikin gado. Na mayar da ita wakafi a gaban liman da mai gari da shaidu biyu, liman ya duba ya ce ba ta kai kashi ɗaya cikin uku na abin da na mallaka ba. Ba a sayar da ita, ba a jinginar da ita, ba a dasa mata albasa. Takardar uku ce, ɗaya wurin liman, ɗaya wurin mai gari, ta ukun ba zan faɗi inda take ba.

Na uku, dalilin da ya sa na yi haka, kuma shi ne abin da ke hana ni jin daɗin tuwo. Bara da kaka na tarar da namiji ɗaya a mace cikin tarko, waya ta shaƙe shi, ya kumbura, ƙudaje sun rufe shi. Ko wanda ya ɗana bai ci ba, mushe ya yi. Maharbi yana harbi ya bi ya yanka ya ambaci sunan Allah, mai waya kuwa yana gida yana barcinsa dabba na shure-shure. Na kwance wayar na kawo gida. Sai bayan kwana biyu, da na wanke ta, na dubi ƙullin da kyau. Bahagon ƙulli ne mai naɗi biyu, bakinsa a lanƙwashe ciki. Ubana bahago ne, shi ya koya mini da igiyar rama lokacin da muke kama zomo, ni kuma mutum biyu kaɗai na koya wa a duniya. Kun san kanku.

Atiku, kai ne babba, kai ke fataucin albasa a Aliero. Sau uku kana ce mini ƙasar bakin fadamar nan asara ce a bar wa dabba, har ka zo da wani mai injin ban ruwa yana taka ta da ƙafa, ka ce mini wai iska yake sha. In gada ta ƙare, hujjata ta ƙare, wannan na sani kai ma ka sani. Murtala, kai ke gyaran babur a Jega, kuma wayar nan wayar birki ce, irin wadda ke zube a ƙofar shagonka. Ka taɓa ce mini abokanka ba su yarda akwai sauran gada a ƙasar nan ba. Ban ce kai ne ba, ban ce shi ne ba. Na kwana da sunan ɗaya na tashi da sunan ɗaya har na gaji. Da abin ya tsaya a bara da na tafi da shi kabari. Amma ran Juma'ar da ta wuce, kwana biyu bayan kun zo duba ni tare, na sake cire wata sabuwa a kan hanyar da gadar nan da ta haihu take bi zuwa ruwa, a lokacin cikinta ya tsufa. Ƙullin bai canja ba.

Wayoyin biyu suna rataye a ƙusa cikin zaure, bayan ƙofa. Kullum bayan la'asar ina zama a waje ina fuskantar daji, ba na waiwaye. Mai su ya zo ya ɗauke su ya jefa a tsohuwar rijiyar bakin gari. In na shiga na ga ƙusa ba komai, na yafe duniya da lahira, kuma na haramta wa sauran su tambaya.

Na huɗu, Bature. Ina nufin Bafulatanin da rugarsa ke arewa da mu, wanda shanunsa suka sha a rijiyata tun ranar da ta ba da ruwa. Ranar da na ga mushen nan, kafin in dubi ƙulli, na tare shi a kasuwar Maiyama na ɗora masa laifi a gaban jama'a. Ya dube ni kawai ya saɓa sandarsa ya wuce. Washegari ya janye shanunsa, matarsa ta daina kawo wa uwarku nono. Na je na ba shi haƙuri, ya ce komai ya wuce, amma har yau shanun ba su dawo ba. Ku biyu kuna wurin a kasuwa, kun taya ni, har muryar ɗayanku ta fi tawa, kuma na sha tunanin dalili. Ku je rugarsa tare, ku tuɓe takalmi, ku ce masa Baba mun zalunce ka. Kada ku aika, kada ku buga waya.

Shi na naɗa mai kula da gonar gada, sunansa na cikin takarda. Na san wannan zai yi muku ciwo, a ce ga 'ya'ya an ba baƙo. Mutumin nan ba ya cin naman daji, kullum yana bi ta wurin, yana gane sawun kowa a ƙauyen nan, kuma shi kaɗai na tabbatar bai iya ƙullin ba. Harawar da ta rage bayan rani ta shanunsa ce. Iri da noman gonar kuwa a kanku yake, kowace damina, gida uku.

Na biyar, farauta. Ba a taɓa su sai Bature ya ƙirga goma. Daga nan namiji ɗaya a shekara, bayan an ɗaure gero, da rana tsaka ba da fitila ba, ba kare, ba waya, ba wuta. Mace ba a harbinta ko da ta shigo zaure. A ba Sarkin Baka, shugabanmu na maharba, kafaɗarsa kamar yadda aka saba, sauran a kasa uku, a dafa a gidan nan a ci tare. Bindigata tana wurinsa ajiya, shi zai fito da ita ranar ya mayar. Burtuna, wanda nake ɗaurawa a goshi in yi rarrafe, na ba Gudiya ta ajiye wa 'ya'yanta su gani. Gudiya, ke ma ina da magana da ke: kin fi kowa sanin abin da ke cikin 'yan'uwanki, kuma na lura tun bara ba kya haɗa ido da ni in an ambaci gonar. In kin sani, kada ki faɗa mini. Ki faɗa masa ya ji tsoron Allah.

Allah Ya yi muku albarka, ku da abin da kuka haifa. Ya sa ku fi ni, Ya tsare ku daga haram ko da ta kai girman zomo. Kada zargin da na yi ya zama abin da za ku riƙa jifan juna da shi bayan raina, nawa ne, da ni za a binne shi. Ku riƙe uwarku, ku riƙe juna, Sallah ƙarama da babba a gidan nan.

Yanzu ku zo ku gani! Ran Asabar da sassafe, kowa da kowa, mata da yara, har surukai, a gaya wa Bature da mai gari da duk wanda ya yi mini dariya. Kada a shafa turare, kada a zo da kare, babura a kashe su tun daga bakin gari. Yara a ba su abin tsotsa su yi shiru. Ƙafata ta kumbura amma za ta kai ni. Ni zan shige gaba, ku biyo ni a layi ɗaya, kuma wanda ya riga ya san hanya a cikinku ya yi kamar bai sani ba.