Gado na Talatin da Bakwai

Zuwa ga Mama,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin naki, ya ƙafar? Ina fatan kina shafa maganin, ba a kan firji kika ajiye shi ba. A gaida Baba.

Mama, raina a ɓace yake. Kin san manhajar da kamfaninmu ya yi wa asibiti, wadda ake duba maganin majinyata a kwamfutar kan tebur. Gado arba'in ne a ɗakin maza, kowanne da maɓallinsa a fuskar kwamfutar. Makon jiya aka dakatar da wata nas, wai ta yi wa mai gado na talatin da bakwai allurar maƙwabcinsa. Allah ya sa da sauran kwanansa.

Ni aka ba aikin dubawa. Ashe Ogana a ofis, lokacin da ya rubuta manhajar, kwafar maɓallan ya yi ta yi har sau arba'in, yana canza lamba da hannu. A na talatin da bakwai ya manta. In an danna shi, bayanin na talatin da shida ke buɗewa. Abin da baiwar Allah ta gani shi ta bi.

Na ce masa mu zuba maɓallan a jeri guda, kowanne ya ɗauki lambarsa daga gurbinsa, umarni ɗaya ya bi ta kansu duka. Layin rubutu ashirin ke nan maimakon ɗari takwas, kuma ba inda hannu zai sake zamewa. Ya ce in gyara lambar nan kawai in ja bakina, kada asibiti ya ji. Shekara talatin kika yi kina aikin jinya, Mama. Da ke ce fa?

Ki sa ni a addu'a.

'Yarki, Auta

Mama,

Na sami saƙonki, na ji daɗi da ƙafar ta yi sauƙi.

Na yi ta juyi ina tsoron rasa aikina, daga baya na ɗauki kwamfutata na je wajen babbar nas, na danna maɓallin a gabanta. Da na haɗa jerin kuma, sai ga irin kuskuren har biyu a ɗakin yara.

An mayar da nas ɗin bakin aikinta. Ni kuwa Oga ya cire ni daga aikin, yanzu injin buga takardu nake gyarawa. A taro ya miƙe ya gabatar da jerin a matsayin dabararsa, har da tafi, ko kunya bai ji ba.

Amma ba shi ke cin raina ba. Jiya nas ɗin ta zo har teburina. Na ɗauka godiya ta kawo. Sai ta tambaye ni kwana nawa na yi da sanin gaskiya kafin in faɗa, don a kwanakin ne mahaifinta ya daina yi mata magana. Kwana tara ne, Mama. Na faɗa mata, ta gyaɗa kai ta tafi.

Zan zo ranar Asabar, in Allah ya yarda.

'Yarki, Auta